Sawu a Layi na Bakwai

Ranar Laraba da safe aka tarar yadin ƙarshe ya ɓace, kuma kafin rana ta take unguwa ta gama yanke hukunci. Mutanen unguwar nan ba sa ɓata lokaci wurin neman shaida idan akwai wanda ba shi da dangi a kusa.

Yadin ba wani abin a zo a gani ba ne, fari ne mai ratsin shuɗi. Darajarsa ɗaya, shi ne na ƙarshe da ya fito daga masaƙa kafin a rufe ta shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ƙungiyar tarihin unguwa ta yi wata huɗu tana gyara tsohon ɗakin injuna, tana tattara hotuna da katunan ma'aikata da muryoyin tsofaffi, har tsohuwar jiniyar da ke tashin mutane an goge ta an ajiye. Ranar Asabar za a buɗe wurin, kuma ɗan tsohon manaja, wanda ya ba da yadin, shi ne babban baƙo.

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya yana wurin Hedimasta, shugaban ƙungiya. Ɗayan yana wurin matar da ke shara da buɗe ƙofa, wadda har yau Baƙuwa ake ce mata ko da yake ta shekara huɗu a ɗakin gadi na bakin masaƙa da 'ya'yanta biyu. Ba a fasa ƙofa ba, kuma ba wanda zai dubi tsabar idon Hedimasta ya ce masa ɓarawo.

Hayaniyar ce ta taso da Shumeka daga rumfarsa. Shekara talatin da takwas ke nan yana gyaran takalmi a ƙofar masaƙar, kansa a sunkuye, har ya zama ya fi sanin mutane ta ƙasan takalminsu fiye da ta fuska. Akuya ta ɓata ko yaro ya bi hanya, shi ake kira ya bi sawu. In an gama kuma a manta da shi sai silifa ta tsinke.

Ya tarar da Baƙuwa tsaye a ɗakin injuna da tsintsiya a hannu, mutane sun zagaye ta.

"Daga yau zuwa Juma'a da yamma," in ji Hedimasta, yana kaɗa makullinta da ya riga ya karɓe. "In yadi ya dawo, ki kwashe kayanki ki bar mana ɗakin gadi, shi ke nan. In bai dawo ba, 'yan sanda za su tambaye ki da irin tasu tambayar."

"Ban ɗauka ba," ta ce, idonta a bushe. "Kuma ba zan durƙusa don abin da ban yi ba."

"To ki share wurin tukuna, aikinki ne har Juma'a."

Shumeka bai kalli ɗayansu ba. Rabin ɗakin na baya an tare shi da igiya saboda masu fenti sun kankare bango, garin farar ƙasa ya kwanta a daɓe lif. A cikin garin akwai sawu.

"'Yata, ajiye tsintsiyar nan," ya ce.

Hedimasta ya juyo. "Malam Shumeka, wannan harkar ƙungiya ce."

"Ranka ya daɗe, ƙasa ba ta ƙungiya ba ce, duk wanda ya taka ya sa hannu. Wanda ya share wurin nan kafin Juma'a, shi zan ce ya ɗauki yadi, kuma a bakin titi zan faɗa."

Ya jawo kujerar roba ya dasa a bakin igiya ya zauna. Hedimasta ya ƙare masa kallo, ya ga ba alamar wasa, ya yi tsaki ya fita.

Da ɗakin ya yi shiru, Shumeka ya cire takalminsa ya bi gefen bango. Sawun mutum ɗaya ne, silifar roba irin wadda rabin unguwa ke sawa, mace ko namiji mai ƙaramar ƙafa. Nan sana'arsa ba ta taimake shi da komai ba, abin ya kuma ba shi haushi. Sawun ya fito daga wata 'yar ƙofa ta baya wadda kowa ya ɗauka a liƙe take, ya je wurin katakon da aka rataye yadin, ya koma. Ya taɓa ƙofar, gam. Ya ɗan ɗaga ta sama, sai sakatar ta zame da kanta.

Abin da ya ɗaure masa kai tafiyar ce. Daga ƙofar zuwa katakon fili ne fetal, amma mai sawun bai miƙe ba. Ya yi taku shida ya karya dama, ya yi huɗu ya karya hagu. Kusa da ginshiƙi na uku ya yi dogon taku, kamar mai tsallake kwata, alhali ba komai a wurin. Daga nan ya ratse zuwa gaban wata taga, ya haɗa ƙafafunsa biyu ya tsaya har garin ya danne sosai. A dawowa ma haka ya karya, haka ya tsallake.

A bayan ƙofar, cikin laka, ya ga sawun babban takalmi da na tayar baro. Wannan kam ya san shi, na Mai Tsohon Ƙarfe ne, shi ya sa masa faci da hannunsa.

Mai Tsohon Ƙarfe yana auna wani gatarin mota lokacin da Shumeka ya yi masa sallama.

"Me ya kai baronka bayan masaƙa?"

"Au, yau kuma ni ne? Hedimasta da kansa ya ce in kwashe gwangwanayen fenti. Litinin na je."

"Ka shiga ciki?"

"In shiga in yi me? Kai dubi nan." Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ƙafa kamar faranti. "Wannan ce za ta shiga silifar da kake nema? Kuma ni tsumma ba ya cikin harkata. Da jiniyar ce ta ɓata, wallahi ni ma sai in zargi kaina."

Shumeka ya yi dariya ba don yana so ba, ya wuce wurin Mai Fenti. A ransa ya riga ya shirya amsa: bokitai da tsani ne aka bari a ɗakin, ɓarawo ya riƙa kauce musu.

"Bokiti?" in ji Mai Fenti. "Baba, ko buroshi ban bari ba. Tun Litinin na kwashe komai, wurin ya zama kamar filin ƙwallo. Ko dai mutumin naka ya sha wani abu ne?"

"Wanda ya sha ba ya maimaita tangaɗinsa daidai da daidai a hanyar dawowa."

Ya koma rumfa da yamma hannu rabbana, ga kwana ɗaya ya tafi.

Ranar Alhamis ya biya gidan Yaya, kamar yadda yake yi duk mako tun rasuwar mijinta. Ita ta goya shi bayan mutuwar uwarsu, kuma har yau, da furfurarsa da komai, in ta ɗaga murya sai ya ji gabansa ya faɗi. Shekara ashirin da shida ta yi a masaƙa, albashinta ne ya saya masa basilla da gudumarsa ta farko.

Ta tura masa kofin shayi. "An ce ka zama ɗan sanda."

"Yarinyar nan za a shafa wa kashin kaji, Yaya."

"Ba ita ba ce, kowa ya sani. Hedimasta barazana yake, ko kaza ba zai iya kai wa ofishin 'yan sanda ba."

"Ya karɓe makullinta a gaban mutane. Yau da safe mai kanti ya hana ɗiyarta taɓa kaya."

Yaya ta shiga juya cokali a kofin da ba sukari a ciki. Can ta ce, "Ka karanta katin da suka liƙa a ƙarƙashin yadin? 'An saƙa shi ƙarƙashin jagorancin Manaja.' Manajan da ko zare bai iya ƙullawa ba! Sau biyu ina tashi a taronsu in ce ni na saƙa shi. Hedimasta ya ce min, wai, Goggo, tarihi sai da takarda. Takarda! Da ya zo naɗar muryata sai da na kai wurin yadin ya kashe rikoda, wai batir."

Shumeka ya sha jin wannan ƙorafin har ya haddace, don haka ya shanye shayinsa ya yi mata sallama. Mutumin da ke ganin sawun tururuwa a kan siminti, ranar nan ko ƙasan ƙofar yayarsa bai kalla ba.

Juma'a da safe ya tuna da Bakanike, tsohon mai gyaran injunan masaƙa, wanda ƙafa ta hana shi fita sosai. Ya ɗauko shi a bayan babur ɗin maƙwabci, ya tsayar da shi a bakin igiya.

"Dubi tafiyar nan ka gaya min ko ta mahaukaci ce."

Bakanike ya gyara tabarau. Ya bi sawun da ido tun daga ƙofa, leɓensa na motsi. Sai ya fara nuni da sanda.

"Nan injin kaɗi yake, dole ka karya dama. Nan kuma akwatin wuta, ka karya hagu ko ka bar gwiwarka a wurin." Ya kai ginshiƙi na uku, ya yi wata 'yar dariya. "Bututun tururi. A nan ya ratsa ƙasa. Wanda bai tsallake ba sai ya bar fatar ƙafarsa. An cire shi tun shekarar da aka rufe, ni na kwance shi."

"Ke nan ma'aikaci ne."

"Tsohon ma'aikaci, wanda ƙafarsa ta haddace ɗakin. Ni ma ka sake ni a nan haka zan tafi."

"To gaban tagar can fa, inda ya tsaya?"

Bakanike ya sauke sandarsa. "Layi na bakwai ne, inji na biyu. Mutum uku suka riƙe shi, na safe da na rana da na dare. Biyu sun riga mu gidan gaskiya." Ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. "Kai ne za ka tambaye ni ta ukun? Shekara nawa kana kawo mata abinci bakin ƙofa kana cewa a miƙa layi na bakwai?"

Shumeka ya gane wadda ake nufi. Ya zauna a kujerar robar. Tsintsiyar Baƙuwa tana jingine a bango, taku biyu daga inda yake, kuma minti biyar sun isa a share ɗakin tas. Ya kalle ta har sau biyu, ba zai yi ƙarya ba. Ta taga kuma yana hango Baƙuwa a ƙofar ɗakin gadi tana ɗaure katifa da igiya.

Ya tashi ya ɗauki tsintsiyar, ya kai ta waje ya ajiye. Sannan ya aika a gaya wa Hedimasta ya tara kowa da ƙarfe huɗu, har da tsofaffin ma'aikata.

Ɗakin ya cika kafin lokaci, don ba abin da ke tara mutanen unguwar kamar a ce za a kunyata wani. Hedimasta ya zo da wayarsa a hannu yadda kowa zai gani. Tsofaffin ma'aikata su goma sha ɗaya suka zauna a benci guda, Yaya a ƙarshensu, fuskar nan a ɗaure.

Shumeka ya kwance igiyar ta gefen da ba sawu. "Akwai kujeru a jikin bangon baya. 'Yata, ɗauko min ɗaya."

Baƙuwa ta miƙe sak ta je ta dawo.

"Ranka ya daɗe, kai ma."

"Ni ba yaronka ba ne."

"Ai ba a ce kai ne ba. Ko akwai abin da ke hana ka?"

Hedimasta ya je ya dawo yana huci, shi ma sak. Mai Tsohon Ƙarfe ya je ya kwaso uku a hannu ɗaya. Sai Shumeka ya juya wurin benci ya roƙi wani tsoho, wanda ya yi aiki a sashen rini, ya taimaka. Tsohon ya tashi yana ɗingishi, ya yi 'yan taku ya karya, ya sake karyawa, da ya zo daidai ginshiƙi na uku ya ɗaga ƙafa ya tsallake iska. Yara suka fashe da dariya. Tsohon ya tsaya yana dube-dube, bai san abin da ya yi ba.

"Bututu," wata tsohuwa ta faɗa a hankali daga benci, sai dariyar ta mutu.

"Ku dubi sawun can," in ji Shumeka. "Haka ya tafi, haka ya dawo. Matar nan ba ta taɓa ganin inji a ɗakin nan ba, ranar da aka rufe masaƙa ko sunan unguwar ba ta sani ba. Wanda ya ɗauki yadi ya shiga ta ƙofar auduga ta baya, wadda ma'aikata kaɗai suka san ana ɗaga ta. Ƙafarsa ta bi hanyar da ta saba, ba ta nemi shawararsa ba."

"To wane ne a cikinsu?" in ji Hedimasta. Muryarsa ta ragu.

Shumeka ya taka a hankali har gaban tagar, ya tsaya gefen sawun nan biyu da ke haɗe. "Kafin ya taɓa yadi, nan ya fara zuwa ya tsaya. Ban san minti nawa ba, amma ya daɗe."

Mutum goma a benci suka sunkuyar da kai, kowannensu ya san wurin.

"Matsa min daga nan."

Yaya ce. Ta riga ta miƙe. Ta bi ta bango har ƙofar baya, ta juyo, ta taho: shida ta karya dama, huɗu ta karya hagu, ta tsallake bututun da babu, ta zo ta sa ƙafafunta cikin sawun. Suka zauna daram.

"Ga ni," ta ce. "Kira 'yan sandan naka, Hedimasta, ina son su ma su ji. Ranar da za a rufe wurin nan aka ce a kashe injuna da sha biyun rana. Kowa ya kashe, ni na ƙi, don saura kaɗan yadina ya cika, kuma ban taɓa barin aiki rabi ba. Masu gadi biyu suka tsaya a kaina. Na ce sai dai su yanke hannuna. Bakanike, ƙarya nake?"

"Ni na hana a sauke layin wutarki," in ji Bakanike.

"Na gama, na yanke shi, na naɗe. A bakin ƙofa Manaja ya zare shi daga hammatata ya ce kayan kamfani ne. Yau ɗansa ya kawo muku kyauta kuna tafi. Ban saci komai ba, abina na ɗauka. Niyyata in yafo shi gobe in zauna a layin gaba, in ga mai cire min."

"Goggo, ai da kin bi ta hanyar da ta dace..."

"Sau biyu na bi. Ka ce sai da takarda."

"Ga takardar nan a ƙasa, ranka ya daɗe," in ji Shumeka. "Shekara ashirin da shida aka yi ana rubuta ta. In ta isa ta kama ta da laifi, ta isa ta shaida wurin nata ne. Ba za ka karɓi rabi ka bar rabi ba."

Benci ya ɗauki guna-guni, har tsohon sashen rini ya buga sandarsa a ƙasa. Hedimasta ya dubi wayarsa, ya dubi tsofaffin, ya zura ta aljihu.

Amma Shumeka bai gama ba, kuma abin da ya rage shi ya fi masa nauyi. "Yaya, yadi naki ne, duk ɗakin nan ba mai musu. Sai dai kwana uku matar nan tana amsa sunan ɓarauniya, kina gida kina ji."

Yaya ta watsa masa kallon da tun yana yaro yake sa shi neman wurin ɓuya. Wannan karon bai kawar da kai ba. Ita ce ta kawar. Ta tako har gaban Baƙuwa.

"Yarinya, na cuce ki. Na ɗauka tsoro kawai za su ba ki zuwa Asabar, na ce a raina ai za ki jure. Abin da aka yi min shi na yi miki, na mai da ke kamar ba kowa ba. Ki yafe min."

Baƙuwa ta dube ta. "Na ji, Goggo. Yafiya kuma ki ba ni kwana biyu, yanzu zuciyata ba ta sauka ba."

Hedimasta ya matso yana miƙa mata makulli a ɓoye, kamar mai ba da cin hanci. Ta maida hannuwanta baya.

"A gaban mutane ka karɓa, da ƙarfi ka yi magana. Haka za ka mayar."

Ya yi gyaran murya har sau biyu. Sannan ya faɗa, yadda na bakin ƙofa ma suka ji, cewa matar nan ba ta ɗauki komai ba, shi ne ya yi gaggawa. Ta karɓi makullinta ta fita kwance katifa.

Ranar Asabar yadin ya koma kan katakonsa, da sabon kati mai ɗauke da sunan Yaya da lambar injinta. Ba a share bayan ɗakin ba sai da Mai Fenti ya bi sawun da shuɗin fenti, taku bayan taku. Baƙi suka riƙa bin sa suna karyawa, suna tsallake bututu, ɗan manaja ma da ya zo wurin sai da ya ɗaga ƙafa. Yaya tana layin gaba. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda ƙanenta yake ba, ranar Alhamis kuma da ya je gidanta aka ce masa tana barci, da ƙarfe goma na safe.

Sai da aka yi kwana tara. Yana sunkuye yana ɗinkin wani takalmin makaranta, silifar roba ta faɗo gabansa tim, maɗaurinta a tsinke. Bai ɗaga kai ba, ya san ƙafar.

"Gyara," in ji Yaya. "Kuma ka canja mata ƙasa, tun da ka zama mai tona asirin mutane."

Ya juya silifar a hannunsa. Har yanzu akwai farin gari a cikin tsagar dunduniyar.

"Ko na canja, Yaya, tafiyar taki ce."

"To a bar ta haka," ta ce, ta jawo bencinsa ta zauna.